INJIN BAN RUWA KO JANARETA YA ƘI TASHI? GA ABIN DA ZA KA DUBA KAFIN KA KIRA BAKANIKE

 

Yau ba maganar abinci ko rigakafi za mu yi ba. Maganar inji ce. Wani zai ce me ya haɗa mai kiwo da aikin bakanike? To ai duk wanda ya zuba tarwaɗa dubu a tankin tamfol, ran kifinsa yana hannun injin da ke jawo masa ruwa. Wanda ya jera ƙwai a injin ƙyanƙyasa kuwa, kwana 21 zai yi yana buƙatar zafin da ke wajen digiri 37.5, kuma duk sa'ad da aka ɗauke wuta janareta ne zai riƙe masa. Haka mai keken ɗaukar kaya da zai kai kajin gidan gona kasuwa da sassafe kafin rana ta yi zafi. Ran da ɗaya daga cikin injinan nan ya ƙi tashi, jarinka ne ke kan layi, kuma sau da yawa abin yakan faru ne da daddare ko da asuba, lokacin da babu bakaniken da zai ɗaga maka waya.

Abin farin cikin shi ne yawancin abin da ke hana ƙaramin injin fetur tashi, abu ne da za ka iya ganowa da kanka cikin 'yan mintuna, in dai ka san inda za ka fara. Kuma kusan duk injinan nan 'yan gida ɗaya ne. Injin ban ruwa mai inci 2 ko 3, da janareta matsakaici, da injin niƙan abincin kaji mai amfani da fetur, galibinsu ƙirar Honda GX160 ne ko GX200, ko kwaikwayonsu na Sin da za ka ga an rubuta 168F a jiki. Keken ɗaukar kaya da babur mai ƙafa huɗu da ake yawo da shi a manyan gonaki su ma tsarin nan ne, sai dai an ƙara musu batir da giya.

ABU HUƊU KAWAI INJI KE NEMA

Injin fetur ba ya tashi sai abu huɗu sun haɗu: fetur mai kyau, iska, wuta daga fulogi, da matsi a cikin silinda, wato abin da makanikai ke kira kwamfireshan. In ya ƙi tashi, ɗaya daga cikin huɗun nan ne ya ɓace ko ya yi rauni. Aikinka shi ne ka gano wanne ne, kuma ka fara daga abin da ba ya cin ko sisi, ka tafi a hankali zuwa mai tsada. Kuskuren da aka fi yi shi ne mutum ya ɗauko sifana ya wargaza kafireta tun bai duba ko famfon mai a buɗe yake ba. A garin gyaran gira sai a rasa ido.

KAFIN KOMAI, TSARE DABBOBINKA

In injin ruwa ne ya tsaya kuma lokacin canza ruwa ya yi, dakatar da ba kifi abinci nan take. Kifi zai iya kwana ɗaya ko biyu bai ci ba lafiya lau, amma abincin da ka zuba da kashin da zai biyo baya su ne za su ƙara ɓata ruwan. Babbar tarwaɗa tana iya tasowa ta shaƙi iska a sama, shi ya sa take da juriya. 'Ya'yan kifi da ba su daɗe da ƙyanƙyashewa ba ba su da wannan gatan, su za ka fara nema wa ruwa ko da a jarka ne. Kuma kar ka zubar da tsohon ruwa sai ka ga injin ya tashi yana kawo sabo. Wannan ka riƙe shi da kyau.

In janareta ne, kar ka riƙa buɗe injin ƙyanƙyasa kana leƙawa. Bar shi a rufe, ka lulluɓe shi da bargo ya riƙe zafinsa. 'Yan tsaki na makon farko suna son zafin digiri 32 zuwa 35, don haka kunna musu murhun gawayin da ka tanada, ka bar kafar da iska za ta riƙa shiga. Sai ka koma kan inji hankali kwance.

MATAKI NA 1: ƘANANAN ABUBUWAN DA AKE RAINAWA

Kar ka ji kunyar duba waɗannan, sun sha wahalar da manya.

Makunni yana kan kunnawa? Famfon mai a buɗe yake? Akwai fetur a tanki da gaske, ka buɗe ka gani da idonka, ba girgizawa kawai ba? In janareta ne, ka cire duk kayan da ke jone da shi kafin ka ja igiya.

Sai cok. Inji mai sanyi yana son a rufe cok kafin a ja, musamman da asubar hunturu. Da ya kama, sai a riƙa buɗewa sannu a hankali. Injin da bai daɗe da mutuwa ba, jikinsa da zafi, ba ya son cok, in ka rufe masa sai fetur ya yi masa yawa ya ƙi tashi. Jan igiyar ma da yadda ake yi: ja a hankali har ka ji ta yi tauri, daga nan ka fizga da ƙarfi, sannan ka mayar da ita da hannunka, kar ka sake ta ta koma da kanta.

Yanzu baƙin mai. Yawancin janaretoci da wasu injinan ruwa suna da wata 'yar na'ura a ciki da ke yanke wutar fulogi idan baƙin mai ya yi ƙasa. An sa ta ne don kar inji ya buga. To ga inda masu kifi ke shan wuya: sai a ajiye inji a gefen tafki, wurin da ƙasa ta karkace. Man yana nan, amma ya gangara gefe guda, na'urar ta ɗauka babu, sai ta hana wuta. Ka yi ta ja har kafaɗa ta sage. Mayar da injin wuri mai daidai, kwance geji, ka duba. Irin GX160 man da yake ci bai wuce lita 0.6 ba, kuma a cike yake idan ya kawo bakin ramin gejin. Kar ka tuttula fiye da haka, yawansa ma matsala ne.

Masu keke da babur mai ƙafa huɗu, ku duba giya tana firi. Da yawa daga masu ƙafa huɗun ba sa tashi sai an matse birki, kuma akwai jan makunni a hannu da gwiwa ko buhu kan taɓa ba a sani ba.

MATAKI NA 2: FULOGI, SHI NE MAI BA DA LABARI

Idan duk na sama lafiya, kwance fulogi. Shi zai gaya maka abin da ke faruwa a ciki.

In ka same shi jiƙe da fetur, mai yana zuwa, har ya yi yawa, ko kuma wuta ce babu. In ka same shi a bushe ƙayau bayan ka ja igiya sau da yawa da cok a rufe, mai ne ba ya isowa, sai ka wuce mataki na 3.

Kalar bakinsa ma tana magana. Ruwan ƙasa-ƙasa ko toka-toka, lafiya. Baƙi mai busasshen gawayi, fetur ya fi iska yawa, galibi matatar iska ce ta toshe ko ana barin cok a rufe. Baƙi mai maiƙo, baƙin mai ne ke hawowa, ko an cika shi da yawa, ko an kwantar da injin a gefe, ko ringi ya cinye. Fari fat, fetur bai isa ba, injin yana zafi fiye da ƙima.

Gwajin wuta: mayar da fulogin cikin hularsa, jingina ƙarfen jikinsa da ƙarfen inji nesa da ramin fulogin, kunna makunni, wani ya ja igiya. Riƙe ta wurin robar, hannunka a bushe, in ba haka ba za ka ji a jikinka. Kuma ka tabbata babu fetur da ya zube a wurin. Abin da kake so ka gani shi ne tartsatsi shuɗi mai ƙarfi. In ja ne mai rauni, ko babu gaba ɗaya, sa sabon fulogi ka sake gwadawa. A yi gwajin a inuwa, cikin rana ba a gani sosai.

Tazarar bakin fulogi a irin injinan nan milimita 0.7 zuwa 0.8 ce, kusan kaurin katin cirar kuɗi na banki. Lambar da suka fi amfani da ita BPR6ES ce, na Sin kuma F7TC ko F7RTC. Tafi da tsohon shago a ba ka irinsa, kuma ka kula, jabu ya yi yawa. Wurin ɗaurawa fara murzawa da hannu, sai ya zauna sannan ka sa sifana ka ɗan ƙara. Kan injin alminiyam ne, in ka ci zarensa ka jawo wa kanka aiki babba.

Sabon fulogi ma babu wuta? Duba hular ko ta tsage ko ruwa ya shiga, abin da ya fi yawa da damina. Bi wayoyi ka gani ko ɓera ya ci, don duk inda ake ajiye abincin kaji ɓera yana nan. In baƙin mai cike yake, injin kuma a daidai, za ka iya zare wayar na'urar man nan ka gwada. In wuta ta dawo, na'urar ce ta lalace, sai a canza ta. Wasu sukan bar wayar a zare har abada, daga nan kuma ran da mai ya ƙare babu mai tsayar da injin. In duk ka bi babu wuta, to koyil ne, a keke ko babur kuma har da akwatin CDI. Alamar koyil mai mutuwa ita ce inji ya tashi da sanyi lafiya, in ya yi zafi ya mutu, ya ƙi tashi sai ya huce.

Idan fulogin a jiƙe yake kuma wuta na nan, inji ya sha mai ne kawai. Rufe famfon mai, buɗe cok, kashe makunni, ja igiya sau biyar zuwa goma fulogi yana waje don silinda ta bushe. Goge fulogin ya sha iska. Kar ka ƙona shi da ashana a gefen inji kamar yadda wasu ke yi. Mayar, ka ja ba tare da cok ba.

MATAKI NA 3: HANYAR FETUR

A nan yawancin matsalar take, don haka bari mu ɗan zauna.

Ga gwaji mai sauƙi. Ɗiga fetur kaɗan, bai kai rabin ƙaramin cokali ba, a ramin fulogi, ɗaura fulogin, ka ja. In ya tashi na 'yan daƙiƙu ya mutu, ka gama gano rabin magana: wuta lafiya, matsi lafiya, fetur ne ba ya isowa. Saura ka bi hanyarsa daga tanki zuwa kafireta.

Fara da fetur ɗin kansa. Yaushe ka zuba shi? Fetur yana tsufa. In ya wuce wata ɗaya zuwa biyu a tanki, a zafin ƙasarmu, ɓangarensa mai saurin kamawa yakan tashi, ya bar wani danƙo mai toshe ƙananan ramuka. Warinsa yakan koma kamar na tsohon fenti, kalarsa ta yi duhu. Wannan ita ce cutar injin da aka ajiye tun ƙarshen noman rani, ko janaretan ko-ta-kwana da aka yi wata uku ba a taɓa ba.

A ƙasan kafireta akwai ɗan kofi, a jikinsa akwai noti na tsiyaye mai. Tara kwalba mai haske, kwance notin, buɗe famfo. Abu biyu kake dubawa. Na farko, man yana zubowa sosai ko ɗis-ɗis yake? Na biyu, me ke cikinsa? Ruwa ya fi fetur nauyi, za ka gan shi ya kwanta a ƙasan kwalba kamar ƙwallaye. Ruwan nan yakan shiga ta murfin tanki in an bar inji a ruwan sama, ko ta jarka, ko ya zo tun daga wurin saye. Man 'yan bumburutu ba ka san me aka haɗa masa ba, wani da kananzir. Gidan mai ma ba a rantse masa ba, waɗanda suka tuna watan Fabrairun 2022 sun san yadda gurɓataccen fetur ya lalata motoci a Najeriya. In ka ga ruwa ko datti, juye tankin gaba ɗaya ka zuba sabo, ka tace da ƙyalle mai tsabta a bakin mazurari.

In man ba ya zubowa sosai, duba 'yar rariyar da ke cikin tanki, da ɗan kofin datti da ke ƙarƙashin famfo, da tiyon ko ya lanƙwashe ko ya tsage. Sai murfin tanki. Yana da 'yar kafar iska, in ta toshe mai ba ya sauka. Alamarsa inji ya yi aiki na 'yan mintuna ya mutu. Sassauta murfin ka gwada, in ya ci gaba da aiki ka kama ɓarawon.

In mai yana isowa kofi da kyau amma fulogi a bushe, jet ne ya toshe. Haka nan in inji ba ya aiki sai da cok a rufe, ko yana hawa yana sauka kamar mai haki. Rufe famfo, kwance kofin, za ka ga jet ɗin tagulla a cikin bututun tsakiya. Kwance shi da sukudireba da ta yi daidai da bakinsa, don tagulla ba ta da ƙarfi. Ɗaga shi sama ka duba ko haske yana wucewa. Zura silin wayar wuta guda ɗaya, mai laushin nan, ka wanke da fetur, ka hura. Kar ka sa allura ko ƙusa. In ramin ya faɗaɗa, injin zai riƙa shan mai yana baƙin hayaƙi har sai ka sayi wani. Kafin ka kwance komai, ɗauki hoto da wayarka, kuma ka shimfiɗa buhu a ƙasa don ƙananan kaya kar su ɓace a yashi.

Akwai kuma akasin haka, kafireta ta riƙa zubar da mai. Allurar da ke tsayar da mai in kofi ya cika ce ta maƙale ko datti ya tokare ta. Ɗan ƙwanƙwasa kofin da bayan sukudireba, wani lokaci takan saki. Amma ka duba baƙin mai. In ya ƙaru da kansa yana warin fetur, fetur ya gangara ciki, sai an juye an zuba sabo kafin a tayar. Shi ya sa ake rufe famfon mai duk lokacin da aka kashe inji, balle in za a ɗora shi a baro ko a bayan babur.

Masu ƙaramin janareta 950, wanda ake haɗa wa mai da fetur, ku kula da awo. Yawancinsu kashi 50 na fetur ne da kashi 1 na mai, wato mililita 20 a kowace lita. Zubawa da ka shi ke sa fulogi ya riƙa yin baƙi kowane kwana biyu. Waɗanda kuma suka mayar da janaretansu na gas bayan cire tallafin mai a 2023, ku duba tukunyar, da tiyo, da kan da ke daidaita gas ɗin. Ana neman yoyo da ruwan sabulu ne, ba da ashana ba.

MATAKI NA 4: ISKA, SHIGA DA FITA

Gidan kaji ƙura ce da gashi da garin abinci da diddigar katako. Ka haɗa da ƙurar hunturu. Matatar iska da littafin inji ya ce a wanke bayan awa 50 na aiki, a wurinmu ba ta kai haka. Cire ta ka ja igiya. In ya tashi, ita ce. Ta soso ana wanke ta da ruwan sabulu, ta bushe sarai, a ɗiga mata baƙin mai kaɗan a matse. Ta takarda kakkaɓewa ake yi, in ta yi baƙi a canza. Gwaji kawai aka ce, kar ka bar inji yana aiki babu matata. Ƙurar da ya shaƙa ita ke cinye ringi da silinda.

Ta wajen fita ma duba. Injin da ya daɗe a ajiye, zanzaro yakan gina ɗakinsa na laka a bakin salansa. In hayaƙi ba shi da hanyar fita, inji ba zai tashi ba.

MATAKI NA 5: MATSI

Hannunka ne ma'auni. Ka san yadda igiyar injinka take da tauri a kullum. In yau ta zo salalau babu turjiya, matsi ya gudu. Cire fulogi, kashe makunni, toshe ramin da babban yatsa, wani ya ja. Inji mai lafiya zai ture yatsan da ƙarfi. In ba ka ji komai ba kuma injin ya daɗe a ajiye, sau da yawa bawul ne ya maƙale a buɗe saboda tsatsa ko danƙon tsohon mai. In akwai matsi amma da rauni, zuba ƙaramin cokali na baƙin mai a ramin ka sake gwadawa. In ya ƙaru, ringi ne ya cinye. In bai canza ba, bawul ne ko gasket.

In kuma igiyar ta yi tauri fiye da kullum, ko tana fizge maka hannu, kar ka yi ta kokawa da ita. Cire fulogi ka ja a hankali. In mai ko ruwa ya feso, silinda ce ta cika. In har yanzu ba ta juyawa kuma injin ruwa ne, buɗe gidan farfela, tsakuwa ko yashi ko tsumma na iya maƙale ta, musamman ga masu jan ruwa ba rariya a bakin tiyo. In tana juyawa lafiya babu fulogi amma da fulogi tana fizga, galibi tazarar bawul ce ta buɗe da yawa. A GX160 tazarar ita ce milimita 0.15 a na shiga, 0.20 a na fita, kuma da inji mai sanyi ake aunawa. A keke da babur kuwa bawul ya fi yawan matsewa, sai ka ga kullum sai an sha wuya kafin ya tashi.

Daga nan aikin bakanike ne. Amma ka ga bambancin: yanzu za ka je masa da bayani. Mai cewa "na gwada wuta tana nan, mai yana zuwa, matsi ne babu" ba a cika yi masa ciwon kai da sayen kayan da ba ya buƙata ba.

MASU TAYARWA DA MAKULLI

Saurari ƙarar da yake yi. In ka murɗa ka ji ƙat-ƙat-ƙat da sauri, batir ne ya yi sanyi ko kawunansa sun yi tsatsa. Kwance su, fara da baƙar waya, kankare farin garin nan, ɗaure tamau. In ƙat ɗaya ka ji sai shiru, batir ne ko rile ko sitata. In ko motsi babu, fitila ma ba ta kawowa, duba fiyus. In kana da mita, cikakken batir yana nuna wajen volt 12.6, in ya sauka zuwa 12.2 rabi ya rage. Kar ka riƙe makulli fiye da daƙiƙa 5, saki ka jira daƙiƙa 10, in ba haka ba sitata za ta ƙone. Kuma in akwai igiya ko kik, gwada su. In ya tashi da su, injin lafiyarsa ƙalau, matsalar ta ɓangaren batir ce.

Injin dizal daban yake, ba shi da fulogin wuta. Nasa ya fi yawa daga iska da ta shiga hanyar mai bayan an bar tanki ya ƙare. Wannan sai mun ware masa rana.

YA TASHI AMMA BA YA KAWO RUWA

Wannan ba laifin inji ba ne. Cika gidan farfela da ruwa ta murfin sama kafin ka tayar, kowane lokaci. In ya yi aiki a bushe, abin da ke tare ruwa a ciki yakan ƙone cikin ɗan lokaci. Duba mahaɗar tiyon tsotsa, ko 'yar kafa ce iska za ta shiga ruwa ya ƙi hawa. Kuma irin injinan nan ba sa tsotso ruwan da zurfinsa ya wuce mita 7 zuwa 8. In ruwan rijiya ya ja baya da bazara, sai an sauko da injin kusa.

GARGAƊI

Kar ka tayar da janareta a cikin ɗakin kaji, ko ɗakin ƙyanƙyasa, ko ɗakin da yaron gona ke kwana, ko da ruwa ake kamar da bakin ƙwarya. Hayaƙinsa yana ɗauke da iskar da ba ta da wari ba ta da kala, tana kashe mutum cikin barci, tsuntsu kuma ya fi mutum saurin faɗuwa. Yi masa rumfarsa a waje, bakin salansa yana kallon nesa da taga. Kar ka zuba fetur inji yana aiki ko yana da zafi. Kuma duk gyaran da za ka yi, ja injin nesa da tafki, maiƙon fetur ko baƙin mai a ruwa illa ne ga kifi.

BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA

Sabon inji a juye masa mai bayan awa 20 na farko, daga nan kowace awa 100. Mai aiki awa uku a rana, kusan wata-wata ke nan. Sayi ɗan littafi ka riƙa rubuta ranar, ƙwaƙwalwa ba ta riƙewa.

Janaretan ko-ta-kwana a tayar da shi sau ɗaya a mako, ya yi minti 10 zuwa 15. Wanda za a ajiye fiye da wata, a cire masa kaya, a rufe famfo ya ci gaba da aiki har ya mutu da kansa, a tsiyaye kofin kafireta, a juye tanki, a rufe shi a wuri busasshe.

Ka tanadi gwangwani guda a gona: fulogi sabo guda biyu, sifanar fulogi, sifana lamba 10, sukudireba, filaya, igiyar safaya, ɗan guntun tiyon mai, baƙin mai lita ɗaya, da tocila. Ka kwatanta kuɗinsu da na buhun abincin kifi guda, sannan ka kwatanta da kuɗin kifin da ke cikin tankin.

Kuma ka koya wa wanda yake kwana a gonar. Ba kai ne kake wurin ƙarfe biyun dare ba. Zauna da shi rana ɗaya, ya kwance fulogi da hannunsa, ya tsiyaye kofi, ya gwada wuta a gabanka. Rubuta masa jerin nan a kwali ka liƙa a rumfar inji: makunni da famfo da cok, baƙin mai, fulogi, fetur, iska, matsi.

Masu shirin farawa, ku sa wannan a lissafin jarinku tun yanzu. Kafin ka zuba 'ya'yan kifi ko ka jera ƙwai, tambayi kanka: in injin nan ya tsaya yau, daga ina zan samu ruwa ko wuta na awa shida masu zuwa? Tankin ajiyar ruwa a sama, ko maƙwabcin da kuka yi magana zai ara maka nasa, ko murhun gawayi a gefe. In ba ka da amsa, ba ka gama shiri ba tukuna.

Wanda injinsa ke ba shi wahala ya rubuto mana a ƙasa: wane irin inji ne, yaya fulogin yake, jiƙe ko bushe, kuma yaushe rabon da a tayar da shi. Da waɗannan ukun za mu iya nuna maka inda za ka duba. A tura wa sauran 'yan uwa masu kiwo su ma su amfana.

Allah Ya sa albarka a kiwonmu, Ya tsare mu daga asara.